Kaji goma a lambun haya

Mafi yawan shawarwarin da ake bai wa mai son kiwon kaji a Kaduna an gina su ne a kan ɗayan yanayi biyu. Ko dai a ɗauka mutum yana da tsakar gida inda kajinsa ke yawo a gaban idon iyalinsa daga safe zuwa magariba, ko kuma a ɗauka yana da gidan gona mai kaji dubbai da ma'aikatan da ke kwana a wurin. Akwai yanayi na uku wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ne nawa: mutum yana zaune a gidan haya a cikin gari, inda mai gida ba zai yarda a kafa akurki ba, amma yana da ɗan lambu da ya karɓa haya a gefen Kogin Kaduna, yana zuwa da safe kafin aiki, ya sake leƙawa da yamma. Irin waɗannan lambuna suna da yawa a bakin kogin, daga wajajen Rafin Guza da Malali har zuwa Kabala, kuma da yawa daga masu noma su ba a nan suke kwana ba. Abin da na fahimta shi ne, a lambu, sa'o'in da mai kaji ba ya nan su ne ke yanke hukunci a kan komai, tun daga irin kazar da zai saya da shekarunta da yawanta, har zuwa yadda zai gina mata wurin kwana.

Tambayar farko da mutane ke yi ita ce wace irin kaza ta fi, kuma amsar ta dogara ne da abin da ake nema. Kazar gida, wadda muka tashi muka gani, tana da juriya, tana iya neman abincinta, tana kwanci ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta ta rene su, amma ƙwan da take yi a shekara bai cika wuce arba'in zuwa sittin ba, domin tana yin goma sha wani abu sai ta tsaya ta kwanta a kansu, bayan ƙyanƙyasa kuma ta shafe makonni tana jan tsaki. Kazar Fulani ta fi sauran kajin gida girman jiki, amma a wajen ƙwai ba ta yi musu nisa ba. A ɗaya gefen akwai jajayen kajin ƙwai na gidan gona, irin su ISA Brown, waɗanda idan sun samu abinci da kulawa yadda ya kamata za su iya yin ƙwai kusan 300 a shekararsu ta farko, sai dai ba su yafe wa sakaci ko na kwana biyu. A tsakanin waɗannan akwai kajin da aka samar domin ƙananan masu kiwo, kamar Noiler da ke fitowa daga wani kamfanin ƙyanƙyasa a garin Awe na Jihar Oyo, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta, waɗanda ake kiwo domin nama da ƙwai duka biyu.

Ni dai ra'ayina ya karkata ga Shika Brown, kuma dalilina na kusanci ne da yanayi. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta samar da wannan kaza, aka yi mata rajista a shekarar 2000, kuma an zaɓo ta ne a cikin zafi da hunturu irin namu. Kazar da aka tace kakanninta a Shika ba baƙuwa ba ce ga watan Maris na Kaduna. Matsalarta ɗaya ita ce ba kullum ake samunta da sauƙi ba kamar yadda ake samun sauran jajayen kajin, saboda haka wanda ya ƙudurta sai ita dole ya yi tambaya tun da wuri, ya kuma yi haƙurin jira. Idan ba ta samu ba, kowace jar kazar ƙwai daga wurin da aka sani za ta yi, kuma Noiler ma ba laifi ga wanda ke son idan Sallah ta zo ya samu abin yankawa mai nauyi, muddin ya san cewa tana ci da yawa kuma ƙwanta bai kai na kazar ƙwai zalla ba.

Inda nisan lambu ya fi nuna ƙarfinsa shi ne a batun shekarun kazar da za a saya. Tsakon kwana ɗaya shi ya fi araha, kuma samunsa a Kaduna ya yi sauƙi fiye da da, musamman tun da kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar ƙyanƙyasa da ta abincin kaji a Ƙaramar Hukumar Chikun a shekarar 2017, ko da yake har yanzu akwai tsaki masu yawa da ake kwasowa daga Ibadan a mota cikin dare, su iso a galabaice. Amma tsako yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makonsa na farko, a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan duk mako har gashinsa ya fito, kuma wannan yana nufin kaskon gawayi ko fitila da wani zai riƙa dubawa cikin dare. Idan wutar ta mutu da asuba a lokacin hunturu, tsakin za su taru a lungu ɗaya su danne juna, idan kuma ta yi yawa su shaƙe. Ga allurai da ɗigon rigakafi da ke jere a makonnin farko, na cututtukan kaji irin su Gumboro da Niyukasil da cutar ƙurajen fuska. Mutumin da ke barin lambu da magariba ba shi da halin yin wannan aiki, kuma arahar tsakon za ta koma asara. Shi ya sa nake ganin mai lambu ya sayi sagara, wato budurwar kaza mai mako 14 zuwa 16, wadda ta gama rigakafinta na ƙuruciya, ta yi gashi, kuma saura mata 'yan makonni ta fara ƙwai, domin irin waɗannan kaji kan fara ne a tsakanin mako 18 da 20. Kuɗinta ya ninka na tsako sau da yawa, amma abin da aka biya shi ne abincin wata huɗu da wani ya ciyar da kuma daren da wani ya hana idonsa barci.

Sayen sagara kuma yana da nasa tarkon, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokaci. Gidajen gona kan sayar da tsofaffin kajinsu idan ƙwansu ya ja baya, galibi bayan sun kai shekara ɗaya da rabi, kuma sukan daidaita wannan da lokacin Sallah ko Kirsimeti da kaji ke tsada. Waɗannan kaji halal ne ga mai neman nama, amma akwai dillalan da ke tallata su ga sabon shiga a matsayin masu shirin fara ƙwai. Bambancewa ba shi da wuya ga wanda ya riƙe kazar a hannunsa. Sagara tana da gashi mai santsi da sheƙi wanda bai kakkarye ba, ƙafarta da bakinta suna da launin ɗorawa sosai, zankonta ƙarami ne yana fara yin ja, kuma idan aka sa yatsa a tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta za a ji sun matse, da ƙyar yatsa ɗaya ko biyu ke shiga. Kazar da ta daɗe tana ƙwai kuwa launin ƙafarta ya koɗe ya koma fari-fari saboda jikinta ya kwashe shi ya zuba a gwaiduwa, gashin wuyanta da na jelarta ya zube ko ya kakkarye, ƙasusuwan nan biyu sun buɗe har yatsa uku ya shiga. Wanda ya yi odar kaji ta waya, aka turo masa hoto ta WhatsApp ya tura kuɗi, ya yi cinikin biri a sama. Haka nan a wajen tsaki akwai masu haɗa 'yan zakaru a cikin kwali su sayar da sunan mata, ba a ganewa sai bayan makonni.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne a je gonar da aka reni kajin, a ga ɗakin da suke, a duba kashinsu a ƙasa ko akwai jini ko tsanwa, a saurari numfashinsu ko akwai mai minshari, sannan a nemi takardar da aka rubuta ranakun rigakafinsu. Mai gonar da ke aikinsa da kyau ba ya jin haushin wannan tambaya, hasali ma yakan yi murna da ita. Kuma duka kajin su fito daga wuri ɗaya, masu shekaru ɗaya. Na san sha'awar da ke kama mutum a kasuwar Kawo ko ta Bacci idan ya ga kyakkyawar kaza wake-wake a hannun ɗan ƙauye, amma kasuwar kaji wuri ne da tsuntsaye daga garuruwa daban-daban ke haɗuwa a keji ɗaya, kuma sananniyar al'ada ce idan annoba ta shiga ƙauye mutane su yi maza su kai sauran kajinsu kasuwa kafin su mutu. Idan har dole sai an ƙaro kaza daga waje, to a ware ta nesa da sauran na tsawon mako biyu aƙalla, da nata mazubin ruwa da na abinci, a kuma riƙa zuwa wurinta a ƙarshe bayan an gama da sauran.

Game da yawa, ni goma nake riƙewa, kuma ina ganin tsakanin shida da goma sha biyu shi ne daidai ga lambu. Lissafin a fili yake. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, saboda haka kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 a cikin kimanin mako uku. A lokacin da suke kan ganiyarsu za a iya samun ƙwai takwas a rana, wanda a mako ukun nan ya haura kiret biyar, tun da kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Duk mai son sanin ko abin zai biya shi sai ya tambayi kuɗin buhu yau da kuɗin kiret yau ya auna, ya kuma tuna cewa bai sa kuɗin sayen kajin da na gini da na magani ba tukuna. Ba na ɓoye wa kowa cewa ribar kuɗi a kaji goma kaɗan ce, wani lokacin ma idan masara ta yi tsada sai a tashi babu ci babu asara. Abin da ake samu shi ne ƙwai sabo na gida, da ɗan ragowar da maƙwabta ke saye, da kuma taki, wanda zan dawo kansa. Wanda ya haura ashirin ya shiga wani mataki da ke buƙatar mutum a wurin dukan yini, ga kuma idon ɓarawo da ke ƙaruwa daidai da yawan kajin.

Kafin a kafa ko da ƙusa ɗaya, wajibi ne a sami yardar mai filin, kuma a yi maganar a gaban shaida, in da hali ma da sanin mai unguwa, domin wanda ya ba da fili don a shuka alayyafo bai zama lallai ya yarda da gini ba. Dattijon da na karɓi nawa a hannunsa, wanda duk muke kira Baba, sharaɗi biyu ya gindaya mini: kada in zuba siminti a ƙasarsa, kuma kada kazata ta taka fangalin maƙwabci. Sharuɗɗan nan biyu sun yi daidai da abin da hankali zai nuna ko da bai faɗa ba. Filin haya ana iya karɓe shi, kuma bakin Kogin Kaduna wuri ne da ruwa ke iya malalowa a watan Agusta da Satumba, saboda haka ɗakin kaji na katako da ragar waya, wanda aka ɗora a kan ƙafafu kimanin rabin mita ko fiye daga ƙasa, a wuri mafi tudu a lambun, kuma wanda maza huɗu za su iya ɗagawa ko a kwance shi a loda a Keke Napep, ya fi ginin bulo amfani nesa ba kusa ba.

Ga kaji goma, ɗaki mai mita biyu a tsaye da biyu a kwance ya wadatar, tare da ɗan fili a gabansa da aka kewaye da waya har sama. Rufe saman filin ba ado ba ne, domin shirwa da shaho suna shawagi a bakin kogi, kuma ko da ba su iya ɗaukar babbar kaza ba, firgitar da suke yi mata kan rage ƙwai. Maƙiyan dare sun fi haɗari: muzuru, da tunku, da gafiya mai haƙa rami ta ƙasa, da maciji mai bin ƙwai da ɓeraye, da guza da ke fitowa daga ruwa da rana tsaka idan wuri ya yi shiru. Ragar da za a sa ta zama mai ƙananan idanu wadda ɗan yatsa ba ya wucewa, a binne gindinta a ƙasa kamar taki ɗaya, ƙofa kuma ta zama mai sakata da kwado. A ciki a gitta sanda mai kauri domin su hau su kwana, kowace kaza ta samu kimanin santimita 25, a kuma ajiye akwatuna biyu ko uku a lungu mai duhu da busasshiyar ciyawa a ciki, tun da kaji huɗu ko biyar kan yi tarayya a akwati ɗaya ba tare da faɗa ba. A ƙasa a shimfiɗa dusar katako daga wurin masu yankan katako ko buntun shinkafa, mai kauri, a riƙa motsa shi.

Zafi ya fi sanyi kashe babbar kaza a Kaduna, kuma mutane da yawa suna gina ɗakin kaji kamar sanyi suke tsoro. Zafin jikin kaza kimanin digiri 41 ne, ba ta yin gumi, hanyar da take sanyaya kanta ita ce ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai. A watan Maris da Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, ɗakin da aka rufa da kwano tsirara zai iya halaka kaji tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da mai lambu yake wurin aiki. Maganin shi ne a shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwanon, a bar ɓangarorin ɗakin a buɗe da raga domin iska ta ratsa, a juya tsawonsa daga gabas zuwa yamma yadda rana ba za ta shiga ta gefe ba, in kuma akwai bishiyar mangwaro ko dalbejiya a lambun a raɓa shi da inuwarta. Idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, buhunan da aka farke aka rataya a ɓangaren arewa da gabas, inda iskar ke fitowa, sun isa, a naɗe su da hantsi.

Ruwa shi ne abin da ba a yi masa ganganci ko na rabin yini. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, wato kaji goma suna buƙatar lita biyu da rabi a rana mai sauƙi, a bazara kuma abin kan ninka. Kazar da ta yini babu ruwa na iya ɗaukar kwanaki kafin ƙwanta ya dawo daidai. Saboda haka nake ajiye mazubi biyu a wurare daban-daban, ko da ɗaya ya kife ɗayan na nan, kuma a inuwa, domin kaza ba ta son ruwan da ya yi zafi. Ruwan kogi da ake ban-ruwa da shi ba na ba su, musamman a ɓangaren da magudanan gari ke zubowa. Ruwan rijiya ko na famfo a jarka nake kawowa, in zuba a randa ya yi sanyi.

A wajen abinci akwai wani tunani da ke yaudarar masu lambu, cewa tun da ga ganye ko'ina, kajin za su ci kyauta. Ganyen alayyafo da kabeji da latas da aka tsince, da zogale, da tumatirin da ya fashe, duk suna da amfani, suna sa gwaiduwa ta yi ja, suna kuma ɗebe wa kajin kewa su hana su tsattsagar juna. Amma ƙwai ana yin sa ne da furotin, wato sinadarin gina jiki, da kalsiyam mai gina ɓawo, kuma abincin kajin ƙwai na buhu yana ɗauke da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kusan kashi 4, abin da dusa da tsaba da ganye ba za su taɓa kaiwa ba. Jar kazar da aka mayar kan dusar masara zalla za ta rage ƙwai a cikin 'yan kwanaki, ɓawon ya yi laushi, daga nan ta fara fasa nata tana sha. Wanda ke son haɗa nasa abincin da masara da waken soya ko ƙuli-ƙuli da dusar alkama da garin ƙashi zai iya, amma ga kaji goma wahalar auna sinadaran ta fi rangwamen da za a samu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a duba ranar da aka yi buhun, a shinshina ko ya yi fumfuna, musamman da damina, sannan a adana shi a durom mai murfi saboda ɓera. Wani abin lura da ya keɓanci lambu shi ne feshi: maƙwabta suna fesa maganin ƙwari a kan kabeji da tumatir akai-akai, don haka ganyen da ban san ranar da aka fesa shi ba ba ya shiga wurin kajina.

Cutar da ta fi share kajin ƙananan masu kiwo a ƙasar nan ita ce Niyukasil, wadda ke tsananta da hunturu, kaza ta yi ta gyangyaɗi, ta yi tsanwan zawo, wuyanta ya murɗe, kuma tana iya kwashe garke gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, saboda haka barkono da gautan kaji da ɓawon maɗaci da ake jiƙawa a ruwa, da kafson da ake farkewa a zuba, babu wanda ke warkar da ita. Rigakafi ne kawai kariya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana yin rigakafin Lasota da ake sawa a ruwan sha, da kuma nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido, wanda ya fi dacewa da mai kaji kaɗan da ba shi da firji a kusa. Ana maimaitawa duk bayan kamar wata uku, kuma yana da kyau a daidaita ɗaya kafin iskar hunturu ta fara. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta dole a yi amfani da ita cikin awa ɗaya zuwa biyu, don haka hikimar ita ce masu kaji na kusa su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya. Wannan yana da wata fa'ida ta daban, domin kazar maƙwabci da aka yi wa rigakafi ba za ta kawo wa tawa cuta ba.

Da damina kuma abin tsoro shi ne kashin jini, wanda ke yaɗuwa idan shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, kuma tsare bushewar ƙasa ya fi kowane magani. Ƙuma yana ɓuya a tsagar katako ya fito da dare, ƙwarƙwata kuma a jikin kajin take zama. Kwano mai faɗi cike da toka da yashi a cikin filin yana ba kajin damar yin birgima su kakkaɓe su. Idan likitan dabbobi ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tambaye shi kwana nawa za a daina cin ƙwan, a kuma kiyaye, domin maganin yana fita a ƙwai. Murar tsuntsaye ma ba labarin nesa ba ne gare mu, tun da a Jihar Kaduna, a wata gona da ke Jaji cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006. Lambun bakin kogi wuri ne da tsuntsayen ruwa ke sauka, kuma wannan ƙarin dalili ne na rufe saman filin da hana su kusantar mazubin ruwa. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya da yawa, ba a yankawa a ci, ba a kai kasuwa, ba a jefa gawar a kogi; ofishin likitan dabbobi na gwamnati ake sanarwa.

Duk wannan tsari ba ya maye gurbin ido, don haka yarjejeniya da wanda ke yini ko kwana a kusa, ko mai gadi ne ko maƙwabcin lambu, ita ce ginshiƙin abin. Ni ƙwai nake ba wa nawa a kowane mako, kuma na ga hakan ya fi kuɗi tasiri, saboda wanda ke da rabo a ƙwan shi ne farkon mai lura idan kaza ta yi shiru a lungu. Zakara ba na ajiyewa, domin kaza ba ta buƙatarsa kafin ta yi ƙwai, yana cin abinci, kuma cararsa da asuba sanarwa ce ga duk mai wucewa cewa akwai kaji a nan. Saboda wannan dalilin ne ma ban sa fitilar sola ba, ko da yake na san kajin ƙwai sun fi yi idan sun samu haske na awa 14 zuwa 16, alhali yinin Kaduna bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Na gwammace in rasa ƙwai ɗaya ko biyu a rana da in haska wa ɓarawo hanya.

Taki shi ne inda kaji da lambu suka fi biyan juna. Kaza tana fitar da kashi kusan nauyin abin da ta ci, kuma kashin kaji ya fi na shanu da na awaki ƙarfi, har ɗanyensa yana ƙona saiwar shuka. Idan aka kwashe shimfiɗar ɗakin duk bayan 'yan watanni, a tara ta a rami tare da busasshen ganye da ragowar ciyawa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har wata biyu zuwa uku, sai ta yi baƙi warinta ya tafi, a lokacin ne take shiga fangali. Ga latas da karas da kabeji da ake ci ɗanye, wannan jira ba zaɓi ba ne, domin ɗanyen kashin kaji na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutane gudawa. Sakin kajin a cikin shuka kuwa ba na yi ko kaɗan, sai bayan an cire amfani, in kewaye fangalin da raga ta wucin gadi in bar su su tona su cinye tsutsa da ƙwayar ciyawa da yamma ina tsaye.

Bayan shekara ɗaya suna ƙwai za a ga adadin yana raguwa, ƙwan yana ƙara girma amma ɓawonsa na yin rauni, wasu kuma su zubar da gashi su huta na makonni. Gidajen gona a nan suke sayarwa, amma mai kaji goma zai iya riƙe su shekara ta biyu idan har kuɗin ƙwan na biyan buhu. Idan lokacin sauyi ya yi, na fi son a fitar da su gaba ɗaya gab da Sallah, maimakon a zuba sababbi a cikin tsofaffi, domin manyan za su hana ƙananan abinci su kuma ba su cututtukan da su suka riga suka saba da su. Sai a kwashe shimfiɗar duka, a wanke katakon da ragar, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ɗakin babu komai na mako biyu rana ta dake shi, kuma a cikin wannan tsakanin ne ake zuwa gonar da aka riga aka yi magana da ita a duba sagarun da za su shigo.